Allura da Zare: Wa ke cin ribar hular da kika ɗinka?

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata, da mazan da ke leƙo wannan fili. Saƙonnin da suka shigo tun bayan ƙaramar Sallah sun fi ƙarfin shafin da aka ba ni, don haka na tsamo guda 5 waɗanda na ga damuwarsu ta shafi mutane da yawa. Kamar yadda muka saba, ba na sa sunan kowa, gari kawai nake faɗa.

Daga Tudun Wadan Zariya

*Anti, barka da aiki. Shekarata 6 ina ɗinkin hula. Akwai wani mutum da ke aiko mana da hula an riga an zana, haɗe da zarenta, mu ɗinka ya biya mu ladan aiki. Wadda na gama kwanan nan ta ci mini mako 3, ya ba ni naira 4,000. Ƙanena ya ga irinta a shago ana cewa 25,000. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. In daina karɓar aikinsa ne in kama nawa? Jari kuwa ba ni da shi, sai ɗan abin da ba a rasa ba.*

Ƙanwata, sau biyu na karanta saƙonki, don abin da kika faɗa a ƙofar ɗakin mahaifiyata na fara ganinsa. A cikin birnin Zariya na tashi. Da ta sauke tukunyar rana sai ta jawo tabarma ta zauna inda haske ya fi, hula a kan gwiwa, zare a wuya, bakinta na ƙirga ido-idon ɗinki. In magariba ta yi aikin bai kai inda take so ba, sai ta kunna fitilar ƙwai ta matso da fuskarta kusa har zafin fitilar ya riƙa dukan goshinta. Ranar Alhamis yaron dillali zai yi sallama, ya karɓi hula, ya miƙo kuɗi. Ta ƙulle a bakin zane, kafin Asabar sun narke a cefane. Ba ta taɓa ganin kan da ya sa hularta ba, ba ta kuma taɓa jin nawa aka saye ta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Allah ya jiƙanta, tun kafin ta tsufa sai mu muke zura mata zare a allura.

Mu fara da lissafinki. Mako 3 kwana 21 ke nan. Raba 4,000 gida 21, ba ta kai naira 200 a rana ba. Wannan adadi nake so ki riƙe, don mu mata mukan ce "ai a zaune nake, ba abin da na kashe", alhali kin kashe ido, kin kashe baya, kin kashe lokacin da za ki iya yin wani abu da shi.

Amma kada ki ɗauka sauran 21,000 ɗin duk aljihun mutumin nan suka shiga. Hula hannu da yawa take bi. Akwai kuɗin yadi, da mai zane, da zare, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da darajar naira ta faɗi a 2023, don mafi yawan zare mai kyau daga waje ake kawo shi. Bayan ke akwai mai haɗa kai da jiki, sai mai wankin hula da zai sa mata sitati ya ɗora ta a kan ice ya buge ta har ta tsaya tana ƙyalli. Sannan mai shago, da kuɗin haya a kansa, da hular da kan yi wata 3 a rataye ba a taya ba. Kuma kuɗin da aka faɗa wa ƙanenki farashin buɗe baki ne, ba nan ciniki ke faɗawa ba. Duk da haka gaskiyarki ce, an tauye ki. Abin da ya ba shi ƙarfi a kanki abu biyu ne: kayan nasa ne, mai sayen ma shi ya san shi. Ke allura kawai gare ki.

Shawarata, kada ki daina karɓar aikinsa yanzu. Da wannan ladan za ki tara jarin naki. Ki ci gaba da yi masa aiki bisa amana, kada ki rage masa zare ko ki riƙe masa hula saboda taki, amma a gefe ki fara hula ɗaya tak wadda tun daga yadi har zare kuɗinki ne. In kuɗin bai kai ba, ki nemi maƙwabta 2 ko 3 masu irin aikinki ku haɗa ku sayi zare a dunƙule, ya fi sauƙi a kan sayen ɗai-ɗai. Ki aiki ƙanen nan naki ya nemo mai zane da mai wanki, ya ji farashinsu da bakinsa.

Ga abubuwan da ke kayar da mai fara tata hular. Ki sayi zaren da zai gama hular gaba ɗaya a lokaci guda, don in ya ƙare a tsakiyar aiki kika koma kasuwa, ko lambar launin ɗaya ce sai ki ga ɗan bambanci, kuma idon mai sayen hula ba ya kuskure wannan. Kafin ki soma, ki jiƙa ɗan guntun zaren ki murza shi a farin ƙyalle. In ya bar launi, zai zuba a wurin wanki, aikin mako 3 ya tafi a banza. Ki san awon kai, don hula da inci ake auna ta, kuma yawancin manya tsakanin 21 da 23 suke. In babu wanda ya ba ki awonsa, ki tsaya a tsakiya. Kada kuma ki yi gasar araha da hular inji da ta cika kasuwa, ba za ki iya ba. Wanda ke neman ɗinkin hannu ya san abin da yake nema, juya hular yake yi ya dubi cikinta. Ki sa bayan aikinki ya yi tsaf kamar gabansa.

Wa zai saya? Ba shago za ki fara kaiwa ba. Mazan gidanku su ne kasuwarki ta farko. Maigidanki ko ƙanenki ya sa ta ya je masallacin Juma'a ko ɗaurin aure, wani ya tambaye shi inda ya samo, ya ce aikin gida ne, ana yi a kan kaza. Ni haka na sami masu sayena 3 na farko, kuma ɗayansu har yau duk shekara sai ya aiko. Ki kula da lokaci: hular ƙaramar Sallah tun Rajab ake soma ta, wadda ta bari sai azumi ya kama ta makara.

In kuma kun kai ku 5 ko 6 da kuke yi wa mutumin nan aiki, ku zauna ku tsayar da magana ɗaya a kan lada, ku faɗa masa cikin mutunci. Mace ɗaya in ta nemi ƙari sai a kai wa maƙwabciyarta. Ku dubi matan Bama da aka raba da garinsu a 2014 suka zauna a sansanoni a Maiduguri, da yawansu da ɗinkin hular nan suka ci da 'ya'yansu, kuma hular da sunan garinsu ake kiranta a kasuwa har gobe. Hannunku ne ke ɗauke da darajar kayan. Roƙona na ƙarshe gare ki, ki yi ɗinkin launi mai duhu da rana, ki riƙa ɗaga kai kina duban nesa lokaci-lokaci, kuma in kin fara ganin dishi-dishi ki je a duba miki ido.

Daga Katsina

*Anti, ni saƙa nake yi, kayan jarirai: riga da hula da safa da mayafi. Ana yabawa sosai. Matsalata biyu ce. Da sanyi ya wuce ciniki ya tsaya cak. Sannan dangi da ƙawaye su ɗauki kaya su ce sai ƙarshen wata, ni kuma kunya ba ta barina in tambaya. Yanzu ko kuɗin ulu ba ni da shi.*

'Yar'uwa, bashin nan shi ya cinye miki uwar kuɗi, ba wucewar sanyi ba. Na taɓa faɗawa ramin. Wata da muke mutunci ta kwashi zannuwan gado 4 da na yi wa ado da hannu, za ta kai wa 'yarta gara, ta ce in an watse biki za ta aiko. Yarinyar ta haihu, ta yaye, kuɗin bai zo ba. Wata 5 na yi ban sayi yadi ba, kuma har yau in muka haɗu a gidan suna ita ke kau da kai, zumuncin da na ji kunya dominsa shi ma bai tsira ba.

Tun daga nan na kafa doka, kuma ita nake ba ki. Duk wadda ta sa ki aiki ta ba da kafin alƙalami da zai sayi ulun gaba ɗaya, cikon kuma ranar karɓar kaya. Ki faɗa tun farko da fara'a: "Yaya, kuɗin ulun ne, ba nawa ba ne, in na taɓa shi sana'ar ta tsaya." Wadda kike son yi wa alheri ki yi mata kyauta a fili, ki san kyauta kika yi, ki rubuta. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, shafi ɗaya abin da ya shiga, ɗaya abin da ya fita, ki kuma raba kuɗin saƙa da kuɗin cefane ko da a gwangwani biyu ne. Waɗanda ke riƙe da kuɗinki yanzu ki aika musu saƙo ɗaya mai laushi, ki faɗi adadin da ranar da kike bukata. Haƙƙinki ne, ba roƙo ba ne.

Maganar sanyi kuwa, hunturu daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ne, amma haihuwa ba ta da lokaci. Da zafi ki koma zaren auduga marar nauyi: ɗan takalmin jariri, hular suna, jakar kayan jariri, abin ɗaure gashin yara mata. Da damina kuma ki riƙa saƙa kayan sanyi kina ajiyewa cikin leda, don ran da iska ta juyo kowa a lokaci guda yake nema, kuma wadda ke da kaya a ƙasa ita ke ciniki. Gwanjo zai fi ki araha kullum. Abin da gwanjo ba zai iya ba shi ne saƙa sunan jariri a jikin mayafi cikin kwanakin nan 7 kafin suna, ko haɗa wa tagwaye kaya iri ɗaya.

In kina sa kaya a WhatsApp, ki ɗauki hoto da safe a inuwa, a kan farin zane, ki rubuta kuɗin a ƙasa. In za ki aika kaya wani gari ta tasha, kada ki yarda da hoton shaidar tura kuɗi. Ki buɗe asusunki ki ga sun shiga da idonki, sannan ki ba direba.

Daga Gwale, Kano

*Hajiya, na koyi rini a wani taron koyar da sana'a na kwana 3. Na rina shadda yadi 10, wadda ta saya ta dawo da ita wai tana zuba, wani wurin ma bai kama ba. Hannuna kuma duk ya tsattsage. Ina kuskuren yake?*

'Yata, hannunki zan fara da shi. Soda ce ta ci shi. Rinin gida na zamani da garin kala da soda da haidiros, wato farin garin sinadarin da ke taimaka wa kala ta kama yadi, ake haɗa shi cikin ruwan zafi, kuma sodar nan tana ƙona fata, in ta fantsama a ido tana iya makantarwa. Ki sayi safar hannu ta roba mai kauri wadda ta kai gwiwar hannu, ki rufe hanci da baki, ki yi aikin a tsakar gida inda iska ke wucewa. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara ruwa a kan soda. Kada ki haɗa a tukunyar alminiyam, soda na cin ta, ki yi amfani da baho na roba mai kauri wanda ba za a ƙara sa abinci ko wankan yara a ciki ba. Ki kulle kayan inda yaro ba zai kai ba, don sodar da aka jiƙa kama take yi da ruwan sha, kuma yaran da suka sha ta sun sha wuyar da ba na fatan ko maƙiyi ya gani. Ragowar ruwan kuma kada a watsa shi inda yara ke wasa ko dabbobi ke sha.

Rashin kamawa kuwa, ina zargin abu 3. Na farko yadin. Irin wannan rini auduga yake kamawa, shadda da yawa a kasuwa kuwa an gauraya ta da roba. In kin je Kantin Kwari ki roƙi ɗan ƙyalle, ki kunna masa ashana. Auduga za ta ci da wari irin na takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Na biyu, sabon yadi yana zuwa da sitati da maiƙon masana'anta, dole a wanke shi tas kafin a tsoma. Na uku, haidiros in ya sha iska ko danshi ƙarfinsa ya mutu, ki sayi kaɗan a wurin da ake yawan ciniki, ki rufe shi ruf. Bayan kin tsamo yadin ki baza shi ya sha iska har launin gaskiya ya fito, sannan ki yi ta ɗauraya har ruwan ya fita fari. Zubar da aka yi miki ƙorafi a kai, yawancinta ragowar kala ce da ba a wanke ba. Ki karɓi shaddar nan, ki ba matar haƙuri ki mayar mata da kuɗinta, sannan ki yi ta gwaji a rabin yadi har hannunki ya faɗa.

Tun da a Kano kike, ki sa a raka ki marinar Ƙofar Mata, wadda ake ƙirga tarihinta tun daga 1498. Can da baba da toka ake haɗa rini a karofi, wato ramin rini, a bar shi ya yi kwanaki yana nuna. Ki tsaya ki ga yadda ake tsoma zane a ɗago shi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonki, a sake tsomawa. Ki kuma lura da adon da ke jikin zannuwan: ɗaurin da ke fitar da shi, mata ne ke yin mafi yawansa a cikin gidaje da zare da allura. Wannan ma sana'a ce mai zaman kanta, babu soda a cikinta, kuma wadda ta iya ɗauri mai kyau ta riga ta mallaki rabin rini.

Daga Gombe

*Hajiya, ni magidanci ne. Iyalina tana ɗinkin zannuwan gado da matasan kujera da ado na hannu. Ina so in ciyo mata bashi ta buɗe shago. Me kika gani?*

Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara mana irinka. Amma ka tambaye ta tukuna, shagon take so, ko keken ɗinki mai kyau da yadi bandir guda? Sau da yawa na biyun ne. Ni ba na ba da shawarar cin bashi sai in aiki ya yi wa mace yawa har tana mayar da masu saye saboda rashin kaya. Bashin da ake biya mako-mako bai dace da aikin hannu ba, don zanen gado ɗaya na iya cin kwana 10, ranar biya kuwa ba ta jira. Adashi da mata amintattu ya fi mata kwanciyar hankali. In sana'ar ta girma har ana bukatar banki, akwai waɗanda ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Kafin nan ka taimaka mata ta yi rajistar sunan sana'arta a hukumar CAC, ta kuma yi rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ta buɗe asusu da sunanta. Na ce da sunanta, don dukiyar mace tata ce a Musulunci, kuma in ka ranci wani abu a ciki ranar da aljihu ya yi sanyi, a rubuta, a mayar.

Daga Maraɗi

*Tanti, kakata tana kaɗi har yanzu, tana tara zare a ƙwarya, ba mai saye. Ƙannena na yi mata dariya wai aikin banza. Akwai abin da za a yi da shi?*

Ɗiyata, ki gaishe mini da ita, ki ce wata jikarta a Nijeriya ta durƙusa har ƙasa. Tawa kakar ma makaɗiya ce. Ina iya ganinta yanzu: ta gurje auduga a kan dutse da ɗan ƙarfe har irin ya fita, ta shiɓe ta da baka ta tashi kamar kumfa, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari ya yi ta juyi a cikin ɗan kasko, zare na fitowa daga hannun hagunta siriri ba ya tsinkewa, tana hira ba ta ko duba. Na gwada ina yarinya, kafin in ja kamu ɗaya ya tsinke sau 3.

Ki faɗa wa ƙannenki, lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, babu masaƙar inji ko ɗaya a ƙasar. Kusan kowane zare da ke cikin waɗannan tufafi mace ce ta kaɗa shi a tsakar gida, kafin ya je hannun masaƙa da marina. Turkuɗin Kura da Buzayen ƙasarku ke naɗawa ma daga wannan tushe ya fito.

Kasuwarsa ta ragu ƙwarai, wannan ba a ɓoye yake ba, zaren inji ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma zaren a dunƙule ne ba a saye, in ya zama tufa magana ta canza. Ki ware siririn daban, abawa daban. Ki bincika ƙauyukan da ke kewaye da ku ko da sauran masaƙi mai aiki, ki kai masa ya saƙa miki ko da majayi 2 ne da ɗan gwado. Masu ɗinkin zamani da ke neman saƙi na gaske don kayan amare, da masu sayen kayan gargajiya a Yamai da Kano, su za ki nuna wa. Ki ɗauki hoton hannuwanta tana kaɗi, da izininta, ki haɗa da hoton kayan, don mai saye ya san abin da yake biya. Kuɗin farko da ya shigo ki damƙa mata a hannunta a gaban ƙannen naki.

Kafin duk wannan, ki ɗauki mazari ki zauna kusa da ita gobe da hantsi, ki ce ta nuna miki yadda ake riƙe audugar. In kin kaɗa dunƙulenki na farko, ko da kauri da siriri ne a haɗe, ki aiko mini da hotonsa, zan sa shi a wannan shafi.